Yadda ake samar wa babban ginin masana'anta isasshiyar iska ba tare da dogaro da fanka ba

Duk wanda ya taɓa shiga wata babbar rumfar kamfani a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai a Kano da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu ya san abin da ake magana a kai. A waje zafi yana neman digiri 40, a ciki kuwa ya wuce haka. Kwanon rufi yana gasa mutum ta sama, inji yana gasa shi ta gefe, ma'aikata sun taru a bakin ƙofa suna fifita da kwali. In ka ɗaga kai za ka ga tagogi jere a tsakiyar bango, wasu ma a buɗe suke, amma iska ba ta motsi. Sau da yawa ba yawan tagogi ne ya yi kaɗan ba, wurin da aka sa su ne ba daidai ba. Iska sai ta samu mashiga a ƙasa da mafita a can sama, kuma girman ƙofofin nan biyu da yawan zafin da ginin yake haifarwa ake auna shi, ba da ido ba.

Abu biyu ne ke tura iska cikin gini ba tare da lantarki ba. Na farko kaɗawar iskar waje, wadda ke danna bangon da take fuskanta, ta kuma ja ta ɗaya ɓangaren. Na biyu tashin iska mai zafi: ta fi mai sanyi rashin nauyi, don haka tana hawa sama, in ta samu mafita ta fice, sabuwa ta biyo bayanta ta ƙasa. Na farkon ya fi ƙarfi amma ba shi da tabbas, domin a tsakiyar bazara akan yi ranakun da ko ganye ba ya motsi. Saboda haka da na biyun ake yin lissafi, kaɗawar iskar waje kuma a ɗauke ta a matsayin gyara.

Mataki na 1: San abin da ƙa'ida ta nema

Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta wajabta wa kowane ɗakin aiki isasshiyar iska mai zagayawa. Ta kuma hana cunkoso: kowane ma'aikaci yana da haƙƙin sarari na aƙalla kubik ƙafa 400, wato kimanin kubik mita 11, kuma ba a lissafa sararin da ya haura ƙafa 14 daga ƙasa. Masu duba masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne ke bin wannan, zanen gini kuma a Kano sai ya bi ta hukumar tsara birane ta jihar, wato KNUPDA.

Dokar ba ta faɗi girman taga ba, don haka injiniyoyi sukan jingina da ƙa'idojin ƙasashen waje, musamman ƙa'ida mai lamba 62.1 ta ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin ɗumama da sanyaya gini ta Amurka. Abubuwa uku ne ake yawan ɗauka daga irin waɗannan ƙa'idoji. Wuraren da za a iya buɗewa kada su gaza kashi 4 cikin 100 na faɗin daɓen da ake aiki a kai. In ta bango ɗaya kaɗai iska ke shiga, zurfin ɗakin kada ya wuce ninki biyu na tsayinsa. In kuwa akwai mashiga a bangaye biyu masu fuskantar juna, faɗin zai iya kaiwa ninki biyar na tsayin. Ginin da tsayin bangonsa mita 7 ne, ke nan kada faɗinsa ya wuce mita 35.

A lura da kyau, kashi 4 ɗin nan don numfashi aka yi shi, ba don zafi ba. Gini zai iya cika shi ɗari bisa ɗari, amma ya zama tanda. Shi ya sa mataki na gaba ya fi kowane muhimmanci.

Mataki na 2: Ƙirga zafin da ginin yake tarawa

Bari mu ɗauki misalin rumfa mai tsawon mita 60, faɗi mita 30, bango mita 7, tozon rufi mita 10. Daɓenta murabba'in mita 1,800 ne, cikinta kuma yana ɗaukar kimanin kubik mita 15,300 na iska.

Zafi daga wuri huɗu yake fitowa. Na farko injuna. Kusan duk wutar da inji ya ci a cikin gini, zafi take komawa a ƙarshe. Kada a dogara da lambar da ke jikin farantin motar injin, domin ba kullum inji ke aiki da cikakken ƙarfinsa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a karanta mitar wuta da safe, a sake karantawa bayan awa takwas na cikakken aiki, a raba bambancin gida takwas. A misalinmu mu ce an samu kilowat 150. In akwai tukunyar tururi ko murhun gas ko na dizal, nasu zafin daban ake ƙarawa.

Na biyu mutane: ma'aikata 60, kowane a ba shi kimanin wat 150, ya kama kilowat 9. Na uku fitilu, mu ce kilowat 9 su ma.

Na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa, kuma a ƙasarmu shi ne babba: rufi. Kwano tsirara da rana ta doka yakan yi zafin da ba a iya ɗora hannu a kai, kuma zafin nan ba ta iska kaɗai yake saukowa ba, haskakowa yake yi kai tsaye kan mutum kamar garwashi. In aka ƙiyasta wat 100 a kowane murabba'in mita, rufin misalinmu shi kaɗai yana zubo kilowat 180, ya fi injunan gaba ɗaya. In aka shimfiɗa audugar gilashi mai kaurin milimita 50 da takardar alminiyam a ƙarƙashin kwanon, aka kuma yi amfani da kwano fari ko mai haske, lissafin zai iya saukowa wajen kilowat 36.

To ga bambancin. Da abin tare zafi, jimilla kimanin kilowat 200. Ba tare da shi ba, kusan 350. Wanda ya ƙi kashe kuɗi a rufi zai biya su a ƙofofin iska masu girman da ya kusa ninki biyu, kuma duk da haka ma'aikacin da ke ƙarƙashin kwanon ba zai ji sauƙi ba, domin iska ba ta ɗauke zafin da ke haskakowa. A gyara rufi tukuna. Idan takardar alminiyam kaɗai za a sa, a bar mata tazarar iska ta aƙalla milimita 25 a gefen da ke ƙyalli. In aka manna ta jikin wani abu, ko ƙura ta lulluɓe ƙyallin, amfaninta ya ragu ƙwarai.

Mataki na 3: Fitar da yawan iskar da ake buƙata

Sai a yanke shawarar digiri nawa za a yarda cikin gini ya fi waje. Iskar da Allah ya hore ba ta iya sa ciki ya fi waje sanyi da rana, iyakarta ta hana shi nisa da waje. Digiri 5 ma'auni ne mai kyau. Wanda ya nemi 3 sai ya ƙara ƙofofi sosai.

Iska (kubik mita a sakan) = zafi (kilowat) ÷ (1.2 × bambancin digiri)

A misalinmu: 200 ÷ (1.2 × 5) = 33. Wato kubik mita 33 kowane sakan, kimanin sauya iskar ginin gaba ɗaya sau 8 a awa. A gwada da buƙatar numfashi: mutum 60, kowane lita 10 a sakan, bai wuce kubik mita 0.6 ba. Zafi ne ke mulki a nan.

Mataki na 4: Auna mashiga da mafita

Gudun iskar da zafi ke ɗagawa ya dogara da tazarar da ke tsakanin tsakiyar mashiga da bakin mafita. Mashiga a mita 1.5, mafita a mita 10.5, tazara mita 9.

Gudu (mita a sakan) = 0.6 × √(2 × 9.81 × tazara × bambancin digiri ÷ (zafin waje + 273))

Da zafin waje 40, lissafin yana ba da kusan mita 1 a sakan. A raba 33 da 1, a samu murabba'in mita 33. Amma wannan lamba ta mashiga da mafita ce a haɗe, tunda iska ta biyun za ta bi ɗaya bayan ɗaya, kowace tana rage mata ƙarfi. In girmansu ɗaya, kowace sai ta kai murabba'in mita 47. In mashiga ta ninka mafita, mafita 37, mashiga 74. Na biyun ya fi dacewa, domin buɗe bango ya fi buɗe rufi araha, kuma ya fi sauƙin karewa daga ruwa. A ƙara kashi 20 cikin 100 a kai don ƙura da tsufa.

Yanzu a duba: kashi 4 na 1,800 shi ne 72. Lissafin zafi ya nemi 111 kafin ƙari. Wanda ya tsaya a 72 ya cika takarda, bai cika aiki ba.

Akwai tarkon da ke kama mutane da yawa a nan. Lambobin nan na sararin da iska ke wucewa ne da gaske, ba girman ramin da magini ya bari a bango ba. Luban ƙarfe, wato taga mai jerin fallayen ƙarfe a karkace, yakan bar kusan rabin girmansa ne kawai, mai hana ruwan sama ma bai kai rabi ba. Bulo mai huda, wanda ake jerawa a saman bango, ya danganta da zanensa, sai a ɗauki guda ɗaya a auna hudojinsa da tef. Ragar sauro tana iya cinye kusan rabin abin da ya rage, in ta sha ƙurar hunturu kuwa ta zama bango. Saboda haka murabba'in mita 74 na sarari yana nufin luba mai girman 148, wato 74 a kowane dogon bango: ɗamara mai tsayin kusan mita 1.25 daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Kada a lissafa manyan ƙofofin shigar mota sai in an tabbata a buɗe suke duk lokacin aiki. Ranar da aka rufe su saboda tsaro ko ƙura, lissafin ya rushe.

Mataki na 5: Mafitar sama

Mafi inganci ita ce buɗe tozon rufi tsawonsa, a ɗora masa ƙaramin rufi a sama, wanda wasu ke kira hular rufi. A misalinmu, in aka buɗe mita 54 daga cikin 60, wuyan, wato tsagar da aka buɗe a tozon, sai ya kai faɗin santimita 70 kafin a samu murabba'in mita 37.

Inda aikin ke lalacewa shi ne a hular. Kafinta ko mai walda, don tsoron yoyo, yakan saukar da ita har ta kusa taɓa kwanon, ya bar tazarar tafin hannu. Wuya santimita 70 ne, amma iska ta santimita 10 take fita kowane gefe. Tazarar gefe biyun in an haɗa kada ta gaza faɗin wuyan, wato aƙalla santimita 35 zuwa 40 kowane gefe. Maganin ruwa ba matse tazara ba ne: hular ta zarce wuyan sosai, a tayar da leɓen kwano a bakin wuyan don ruwan da iska ta koro sama kada ya faɗa ciki, sannan a kafa allon kare iska tsaye a kowane gefe, a ɗan nesa da hular, a bar ƙasansa da 'yar tazara don ruwa ya wuce. Allon nan yana da amfani biyu. Yana hana iskar waje kutsawa ta tura zafin ya koma ƙasa, kuma iskar da ke tsallake shi tana jan ta ciki waje. A sa ragar waya mai ido kusan milimita 12 don tantabaru da jemagu, kada a sa ragar sauro a nan.

Game da ƙwallayen nan masu juyawa da ake kafawa a kan rufi: suna aiki, amma a yi musu lissafi. Mai wuya milimita 600 sararinsa murabba'in mita 0.28 ne. Kafin a kai 37 sai an jera fiye da 130. Guda goma sha biyu a kan rumfa irin wannan ba za su yi komai ba, ko da ana ganin suna ta juyi. Sun fi dacewa da ƙaramin sito, ko a kan wani inji mai zafi guda ɗaya.

Akwai alamar da ke nuna ko girman biyun ya yi daidai. A kowane gini akwai wani tsayi inda iska ba ta shiga ba ta fita: ƙasa da shi shiga take, sama da shi fita take. Tagogin da ke tsakiyar bango galibi a daidai nan suke, shi ya sa suke a buɗe amma ba sa aiki. In mafitar sama ta yi ƙanƙanta, wannan layi yana saukowa, zafi ya taru ya sauko har kan mutane. In mashiga ce ta yi ƙanƙanta, wani ɓangaren tozon yakan koma mashiga, ya riƙa zubo ƙura da hayaƙin da ya riga ya fita.

Mataki na 6: Mashigar ƙasa da fuskar gini

A fara luba daga kusan santimita 60 zuwa mita 1 daga ƙasa, ta yadda iska za ta ratsa jikin mai aiki, ba ta wuce ta kansa ba. A raba ta daidai a dogayen bangaye biyu.

Idan ginin sabo ne, a miƙar da tsawonsa gabas da yamma, dogayen bangaye su kalli kudu da arewa. Ranar safe da ta yamma za su faɗa kan gajerun bangaye, waɗanda ya kamata a rage musu tagogi, musamman na yamma. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa, ta hunturu daga arewa maso gabas, don haka duka biyun a karkace za su doki dogon bango. Iskar da ta zo a karkace kusan rabin aikin wadda ta zo kai tsaye take yi, amma tunda da tashin zafi muka yi lissafi, wannan bai ɓata komai ba.

Hadari kuma nasa daban. Guguwar farkon damina galibi daga gabas take tasowa, da ƙura a gaba, ruwa a baya, yana tafiya kusan a kwance. Duk mashigar da ke gabas da arewa maso gabas a sa mata luba mai hana ruwa, a kuma tsawaita bakin rufi aƙalla mita 1 don ya yi mata inuwa da laima.

A nisanta mashiga daga abin da bai kamata a shaƙa ba. ASHRAE ta ba da mita 7.5 daga inda manyan motoci ke lodi, da mita 5 daga wurin tara shara. Janareta ya fi su duka haɗari: bututun hayaƙinsa ya haura bakin rufi, kada ya zauna kusa da luba, domin iskar da ke kashe mutum a hayaƙinsa ba ta da wari. A kuma bar fili tsakanin rumfar da katanga ko ginin maƙwabci. Luban da ke kallon katanga a tazarar mita 1 rabin aiki yake yi.

A ciki kuma, injuna masu zafi a jera su a tsakiya, ƙarƙashin tozo, mutane su kasance tsakaninsu da bango, don sabuwar iska ta fara taɓa mutum kafin ta ɗauki zafin inji. Ofis ko ɗakin ajiya da aka gina jikin dogon bango yana toshe wannan ɓangaren gaba ɗaya. A zana jan layi a daɓe mita 1 daga luba, a hana tara kaya a bayansa, domin a kamfanin shinkafa ko na taki buhuna ne kan fara cinye mashiga tun kafin shekara ta zagayo.

Abin da wannan tsari ba ya iya yi

Hayaƙin walda, tururin fenti da sinadaran narkarwa, ƙurar ɓuntun shinkafa da ta auduga, duk waɗannan a bakin inda suke tashi ake kama su, da murfi da bututu da fanka mai zuƙa. In aka bar su ga iskar gini, sai sun bi ta hancin kowa kafin su kai tozo. Wasu ma ba sa hawa sama. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi a majemar fata da ramukan ruwan datti ta fi iska nauyi, a rami da kwata take kwanciya, kuma in ta yi yawa hanci yakan daina jin warinta. Buɗe tozo ba ya taɓa ta. Haka kuma wurin da ake haɗa magani ko ɗura abinci, inda ƙura ba ta da izini, a killace shi a ba shi iskar inji mai matata. Game da gobara, buɗaɗɗen tozo yana taimakawa wajen fitar da hayaƙi, amma in ginin yana da bututun yayyafa ruwa a sama, a nuna wa injiniyan kashe gobara zanen kafin a yanka kwano. Yanka tozon tsohon gini ma yana taɓa ƙarfin rufin a lokacin guguwa, sai injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ya duba.

Mataki na 7: Gwaji bayan an gama

A zaɓi rana mai zafi wadda iska ba ta kaɗawa, tsakanin ƙarfe ɗaya da uku, injuna duka suna aiki. A rataya ma'aunin zafi guda a waje cikin inuwa, wasu a tsayin mita 1.5 a wurare biyar ko shida cikin gini, ɗaya kuma kusa da tozo. Inda mutane suke kada ya fi waje da sama da digiri 3 zuwa 5. In na tozo ya fi waje da digiri 10 ko fiye, mafita ta yi kaɗan.

A auna gudun iska a bakin luba da na'urar auna iska mai 'yar fanka, a wurare da yawa, a ɗauki matsakaici, a ninka da sararin luban. Amsar ta kusanci 33 a misalinmu. Sannan a kunna turaren wuta ko igiyar hayaƙi a zaga da ita. A bakin luba hayaƙin ya shiga ciki, a tsakiya ya miƙe sama. Inda ya tsaya yana lilo a wuri ɗaya, nan iska ta mutu, a nemi abin da ya tare ta, ko a rataya fanka a wurin. Na'urar auna iskar da mutane ke fitarwa in sun yi numfashi, wato CO2, ita ma tana taimakawa a ɗakunan da ke da cunkoso: a waje takan nuna wajen kashi 420 cikin miliyan (ppm), a ciki a yi ƙoƙari kada ta wuce 1,000. A rubuta duk sakamakon da kwanan wata a ajiye, shi ne abin nuna wa mai duba masana'anta.

Tafiyar da shi bisa yanayi

Da hunturu a rage luban arewa da gabas, a bar na kudu da tozo a buɗe. Saboda wannan ne ya kamata aƙalla rabin luban ya zama mai buɗewa da rufewa da hannu, ba kafaffe ba. In kafaffe ne, ma'aikata za su buga masa falanki ko leda da sanyin Janairu, kuma Afrilu zai zo ya same shi a haka. A sa wa mutum ɗaya alhakin buɗe komai a farkon Maris, a wanke luba da raga da ruwa da burushi, a hau tozo a kwashe sheƙar tsuntsaye.

Da bazara a bar mashiga da mafita a buɗe duk dare, da ƙarfen tsaro a jikinsu. Daren Kano yakan fi rana sanyi da digiri goma sha wani abu, kuma daɓen siminti da bangon bulo da suka huce cikin dare sukan riƙe sanyin har hantsi. Kafin ruwan farko a watan Mayu, a bi ƙusoshin hular tozo da allon kare iska ɗaya bayan ɗaya a ɗaure, a share indararo, domin su ne guguwa ke fara ɗagawa.